Nisa Da Kusa A Kan Farin Ƙyalle

A zamanin da motar majigi ke zaga garuruwa, akan kafa sanduna biyu a ƙofar fada bayan sallar lisha, a ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu. Da an tā da inji sai ga hanya ta miƙe a jikin ƙyallen, ta yi ta tafiya har ta ƙule, ga kuma wata mota tafe daga can nesa tana tā da ƙura. Ba a rasa yaro guda mai karambani wanda zai sulale ya zaga baya don ya ga inda hanyar nan ta nufa. Ba ya tarad da kome sai igiya da turaku da duhu. Manya su yi ta yi masa dariya. Amma fa yaron nan ya fi su hankali a daren, gama shi kaɗai ya tsaya ya tambayi kansa: ƙyallen da kaurinsa bai kai na farce ba, ina ya sami wurin da ya zuba tafiyar mil guda?

Amsar tana cikin kan mai kallo. Abin da ke shiga ido haske ne, shi kuwa haske ba ya zuwa da takardar shaidar inda ya taso. Hoton da ke sauka can ƙuryar ido shafaffe ne kamar zane a jikin bango, hankali ne ke auna shi ya ce wannan kusa, wancan nesa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, to, ga yadda ya ke sanin kimar. In jaki ya tare rabin rumbu, an san jaki ne a gaba. In an hangi mutum bai fi tsawon yatsa ba, ba a cewa wada ne, sai a ce da sauran tafiya. Ƙarafan hanyar jirgi ba su taɓa gamuwa, amma mai tsaye a tsakaninsu ya kan ga sun haɗe can gaba. Ran da hazo ya sauka, itatuwan kusa su kan yi baƙi, na bayansu su yi toka-toka, dutsen da ke ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama. Wanda kuma ya taɓa leƙawa ta tagar jirgin ƙasa ya san turakun waya su kan wuce fir-fir, gonaki su wuce a hankali, dutsen nesa kuwa sai ka ce rakiya ya ke yi.

Wani babban malami, Alhasan ibn Alhaisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma yi zamansa a Alƙahira, ya zurfafa bincike kan wannan cikin littafinsa Kitabul Manaziri. Shi ya tabbatar da hujja cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke fitowa daga abu ya shiga ido. Ya kuma lura da wani abu wanda kowane mai ɗaukar fim ya kamata ya haddace: mutum yana gane nisan abu ne ta wurin ƙasa da sauran abubuwan da ke jere tsakaninsa da abin, ba yankewa. In aka kawar da waɗannan, sai ido ya rasa ma'auni. A riƙe wannan magana, za a komo kanta.

Duk alamun nan da aka ambata kyamara tana iya kwashe su ta zuba a kan ƙyalle. Saura guda ɗaya wadda ba ta iyawa da ido ɗaya. Tsakanin idon mutum na dama da na hagu akwai misalin inci biyu da rabi, saboda haka kowanne yana ganin abu ta gefensa, hankali ya gama biyun ya fitar da kauri. Wanda ke shakka ya rufe ido ɗaya ya gwada zura zare a allura. Amma amfanin wannan ya fi yawa ga abin da ke kusa. Mai ido ɗaya yana zuwa gona, yana hawa keke, ba ya faɗawa rijiya. Mai kallon silima kuwa tamkar mai ido ɗaya ne da aka zaunar a tagar wani gida, aka kashe fitilu don kada ya ga bangon da ke kewaye da tagar.

Tun silima tana jaririya aka gane haka. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Auguste da Louis Lumière, waɗanda suka fara nuna wa jama'a fim da kuɗi a Paris ran 28 ga Disamba 1895, suna da wani ɗan fim na isowar jirgin ƙasa tashar La Ciotat, wanda bai cika minti guda ba. Da sun kafa kyamara a gefe, da jirgin ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan kamar an ja akwatin ashana da zare. Sai suka kafa ta a bakin dakalin tasha, tana duban hanyar a karkace. Jirgi ya ɓullo ɗan mitsitsi daga can dama, ya yi ta girma har ya cika hagu ya fice. An daɗe ana ba da labari wai 'yan kallo sun watse da gudu. Masu binciken tarihi ba su sami shaidar haka a rubuce-rubucen lokacin ba, mai yiwuwa gishiri ne aka ƙara daga baya. Abin da ba shakka a kansa shi ne, wurin da aka kafa kyamarar nan ya fi jirgin kansa aiki.

Da aka gane ido yana da saukin ruɗi, sai dabaru suka yi yawa. A ƙarshen fim ɗin Casablanca na 1942 ana ganin jirgin sama tsaye can baya cikin hazo, ma'aikata suna kewaya shi. Jirgin nan ɗan ƙarami ne aka sassaƙa, aka nemo mutane wadanni aka sa musu kayan ma'aikata, ido ya auna jirgi da mutane ya ce ai babba ne, nisa ce ta rage shi. Masu fim ɗin zane su ma sun gamu da tasu wahalar. In aka zana gida da wata a takarda ɗaya, aka matso da kyamara, sai gida ya girma, wata ma ya girma, alhali kowane matafiyin dare ya san wata ba ya ƙaruwa don an yi taku goma. Saboda haka a kamfanin Walt Disney aka ƙera wata na'ura mai hawa-hawa, aka zana itatuwan kusa a gilashi guda, gida a wani, sama a na ƙarshe, kowane gilashi yana motsi da saurinsa. An fara gwada ta a 1937 cikin ɗan fim ɗin The Old Mill. Turakun waya da dutsen nan ne na tagar jirgi aka mai da su sana'a.

Waɗannan duk wayo ne, wayo kuwa ba shi ne gwaninta ba. Abin da ya kamata mai kallo ya tambaya shi ne, me aka yi da nisan bayan an same shi? Babu inda aka amsa wannan tambaya kamar a Citizen Kane, fim ɗin Amurka na 1941, wanda Orson Welles ya shirya yana ɗan shekara 25, Gregg Toland kuma ya ɗauka.

Al'adar masu fim a lokacin ita ce a fito da fuskar mai magana tar, a bar bayansa dishi-dishi. In wani zai amsa, a yanke a koma kansa. Toland ya tsuke ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara, kamar yadda mai raunin gani ke ƙanƙance ido don ya ga abu sosai, sa'an nan ya ƙara ƙarfin fitilu don ya rama hasken da ya rage, ya kuma sa gilashi mai kwaso fili da faɗi. Da haka sai abin da ke dab da kyamara da abin da ke ƙarshen ɗaki duk suka fito tar a lokaci guda.

Ga abin da aka yi da wannan. Wata mace mai gidan saukar baƙi a Colorado ta wayi gari da arzikin da ba ta zata ba, gama takardar wani ramin ma'adini da wani baƙo ya bar mata a madadin kuɗin ɗaki, ashe zinariya ce jibge a ciki. Ta ƙudura za ta ba da ɗanta ga wani ma'aikacin banki ya tafi da shi ya rene shi. A gaba, kusa da mai kallo, uwa ce zaune a bakin tebur da ma'aikacin bankin, ga takardu. A tsakiya uba ne tsaye, yana ta ƙorafi ba mai sauraronsa. Can ƙurya akwai taga, ta cikin tagar kuwa ana hangen yaron a waje yana wasa cikin dusar ƙanƙara, yana ihu, bai san ana yanka rayuwarsa a kan tebur ba. Kowa an ajiye shi gwargwadon ikonsa: mai alƙalami a gaba da girma, mai surutu a tsakiya, wanda abin ya shafa kuwa shi ne mafi ƙanƙanta da nisa duka, an kuma kulle shi cikin katakon taga. Da uban ya ji za a riƙa ba su dala 50,000 kowace shekara, sai bakinsa ya mutu, ya taka ya je ya rufe tagar, muryar yaro ta ɗauke. Ba wanda ya buɗe baki ya ce an sayar da yaro. Tsawon ɗakin ne ya faɗa.

Akwai wani wurin kuma, bayan yaron ya girma ya yi ƙasaita, karayar tattalin arzikin 1929 ta tilasta shi sakin jaridunsa. Ana karanta takardar a gaba, shi kuwa ya juya ya nufi tagogin da ke bayan ofis. Mai kallo ya ɗauka tagogi ne irin na kowa. Mutumin ya yi ta tafiya, ya yi ta raguwa, da ya isa sai ga shi ko dakalin tagar bai kai ba. An bar ido ya yi kuskuren awo da gangan, don ya gane kuskurensa daidai lokacin da mai girman ya zama ƙarami.

Wani mashahurin mai sharhin fim na Faransa, André Bazin, ya yaba wannan salo ƙwarai. A ganinsa, tun da kome ya fito tar, an sakar wa mai kallo mara ya dubi inda ya so, kamar yadda ya ke yi a duniya, ba a ja shi da igiya ba. Maganar tana da gaskiya, amma rabi. Farar taga a tsakiyar ɗaki mai duhu, ga kuma muryar yaro tana fitowa daga cikinta, wane ido ne zai ƙi zuwa can? Igiyar tana nan, an dai rina ta ne ta saje. Har wa yau waɗansu daga cikin hotunan nan ba a tashi ɗaya aka ɗauke su ba. Wurin da matar Kane ta sha magani don ta kashe kanta, inda kwalba da cokali ke gaba, gado a tsakiya, ƙofa a ƙurya, dabam-dabam aka ɗauka aka haɗa. Kuma a faɗi gaskiya, akwai inda Welles ya bar ƙuruciya ta ja shi, ya haƙa rami ya sa kyamara don mutane su yi tsawo kamar rimi, har ado ya so ya fi amarya. Duk da haka laifin mai yawan gwaninta ya fi sauƙin yafewa bisa ga wanda za a ambata yanzu.

Tun 1838 wani masani na Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa in aka ba idon dama hoto guda, aka ba na hagu wani mai ɗan bambanci, ta hanyar madubai, sai mutum ya ga abu da kaurinsa kamar ya kai hannu. Masu silima sun san da wannan, amma ba su rungume shi ba sai da talabijin ya shiga gidajen Amurka ya kwashe musu 'yan kallo. A 1952 aka fito da Bwana Devil, labarin zakoki masu cin ma'aikatan hanyar jirgi a Afirka ta Gabas, aka yi wa mutane alkawarin zaki zai faɗo musu a cinya. Akan ɗauki fim da kyamara biyu, a haska da inji biyu, a raba wa kowa tabarau mai tace haske don kowane ido ya ga rabonsa. Jama'a suka yi tururuwa. A 1953 sai ga House of Wax, wanda a cikinsa aka tsai da labari cak don wani mai talla ya riƙa buga ƙwallo mai igiyar roba yana auno fuskokin 'yan kallo. Aka yi ta jifan mutane da masu da kibau da kujeru. Kafin 1954 ta ƙare kasuwar ta watse, har fim ɗin da Alfred Hitchcock ya ɗauka ta wannan hanya, Dial M for Murder, galibin mutane a shafe suka gan shi, ba tabarau.

An ɗora laifin a kan injuna, ba kuwa a yi ƙarya ba. In inji ɗaya ya riga ɗan'uwansa ko da hoto guda, sai ciwon kai. Akwai kuma wata wahala wadda gyaran inji ba ya kawarwa: ido ya saba inda ya karkata nan ya ke daidaita ganinsa, amma a nan sai a ce ya karkato kan ƙwallon da ke gaban hanci, alhali hasken yana can jikin allo. Tabarau kuma yana cinye haske. Amma babban laifin na masu shiryawa ne. Tagar Kane tana jawo mai kallo cikin ɗakin har ya manta da kansa. Ƙwallon mai talla kuwa yana tuna masa cewa ga shi zaune a kujera, ya biya kuɗi, da tabarau a hanci. Mutum ya kan kauce sau ɗaya ya yi dariya, ya kauce na biyu, a na uku ya gane ba abin da zai same shi. Abin dariya, André de Toth, wanda ya shirya House of Wax, ido ɗaya gare shi, bai taɓa ganin abin da ya sayar wa jama'a ba. Wuraren da suka fi kyau a fim ɗin, kamar inda mugun ke bin yarinya cikin titunan dare da hazo, su ne waɗanda mai ido ɗaya ma zai ji tsoronsu.

Abin ya sake dawowa a 2009 da Avatar na James Cameron. Shi ya fi na farko hankali, gama ya tura yawancin zurfin can bayan allo, ya bar daji ya yi ta shiga ciki, bai cika jifan mutane ba. Ya kuwa sami kuɗin da ba a taɓa samu ba a lokacin. Ganin haka sai kowa ya ɗauko fim ɗin da aka riga aka ɗauka da ido ɗaya, a yayyanka shi da kwamfuta a jera, mutane su fito kamar an yanko su daga kwali, a kuma ƙara kuɗin shiga. Masu ƙera talabijin su ma suka bi sahu a 2010, har aka nuna waɗansu wasannin cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya na Afirka ta Kudu ta wannan hanya. Ba a je ko'ina ba. A 2013 BBC da tashar wasanni ta ESPN suka daina, a 2017 kuma LG da Sony, waɗanda suka rage cikin manya, suka bar ƙera akwatunan. Mutumin da ke cin tuwo yana hira da iyalinsa ba ya son a ce sai ya sa tabarau ya zauna sambal kafin ya ga labarai.

Shi talabijin dama tun asali ba gidan nisa ba ne. Akwati ne a ɗaki mai fitila, ga bango, ga labule, kome yana shaida wa ido cewa gilashi ne shafaffe. Don haka ma'aikatansa suka koma kan fuska. Su kan sa fitila a bayan mai magana ta zana masa farin layi a kafaɗa da ka, don ya rabu da bango. Tsofaffin akwatuna masu kusan murabba'i kuwa sun yi wa finafinai masu faɗi ɓarna, a datse dama a datse hagu, wani lokaci a bar hanci biyu suna magana da juna. Yanzu allo ya yi faɗi, hoto ya yi kyau, sai wata sabuwar cuta ta shigo, watau narkar da bayan mutum gaba ɗaya har ba a sanin ko a kasuwa ya ke ko a ɗaki. Wayar hannu ma ta koyi yin haka da lissafi. Fuska ta kan fito kam, amma an raba ta da wurinta, kuma da an ɗauki ɗakin uwar Kane haka, da yaron ya zama farin tabo.

A komo kan maganar Ibn Alhaisam. A 1962 David Lean ya fito da Lawrence of Arabia, wanda Freddie Young ya ɗauka a kan fim mai faɗin milimita 65, wani sashi a hamadar Jodan. Lawrence da jagoransa sun sauka bakin wata rijiya sun sha. Sai jagoran ya tsaya cik yana duban gabas da yamman da ba kome cikinsa. Can inda ƙasa ta gamu da sama akwai wani baƙin ɗigo yana rawa cikin kawalwalniya. Babu itace, babu dutse, babu ko turke tsakaninsu da shi, saboda haka ido ya rasa abin awo: mutum ne ko dabba, tafiyar minti biyar ce ko ta sa'a guda? Young ya sa gilashi mai jawo nesa, irin wanda ke matse tazara, har raƙumin ya yi ta sassarfa amma kamar ba ya gaba. Babu kiɗa, sai takun raƙumi da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Lean ya hana mai kallo dukan alamun da sauran masu fim ke wahalar tarawa, ya bar shi da guda ɗaya tak, watau girman ɗigon nan, ya kuma sa shi jira. Da jagoran ya gane ko wane ne, ya ruga ya ɗauko bindiga, sai harbi ya riga shi daga nisan da mai kallo ke zaton harsashi ba ya kaiwa. Sa'an nan mahayin ya iso ya durƙusar da raƙumi, ya buɗe fuska, Omar Sharif ne ɗan Masar, ya ce rijiyar tasa ce.

An shirya wannan wuri ne don allon da ya kai tsawon bangon masallaci, inda ɗigon ke bayyana tun yana ƙarami ƙwarai, 'yan kallo su gan shi tare da jagoran. A kan wayar hannu bai kai ƙwayar gero ba. Mai riƙe da wayar ya kan ga mutum biyu sun zura wa sarari ido, ya yi ta mamakin abin da suke kallo, ba ya ganin mahayin sai ya riga ya cinye rabin hanya.